Lissafin Ƙarfi a Jikin Mai Rai: Fannin da Ya Kamata Jami'o'in Kebbi Su Shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani fannin ilimi da ba a cika ambatonsa a makarantunmu ba, alhali ya shafi gonakinmu da asibitocinmu kai tsaye. Fannin shi ne nazarin yadda ƙarfi na zahiri, wato danniya da ja da matsi da lanƙwasa da murɗa, yake tsara siffar abu mai rai, tun daga ƙwayar jini har zuwa ƙashin cinya da karan shinkafa. Ni malamin fiziks ne a Birnin Kebbi, kuma hujjar da nake son kafawa ita ce, wannan fanni yana daga cikin 'yan kaɗan da jihar da ba ta da kuɗin gina manyan ɗakunan gwaji za ta iya shiga ta yi abin a-zo-a-gani, domin babban kasonsa da alƙalami da takarda da kwamfuta ake yin sa.

Yadda muke koyar da bayoloji ya sa ɗalibi yana fita da tunanin cewa jiki sunaye ne da ake haddacewa, sai kuma sinadarai da ƙwayoyin gado. Duk wannan gaskiya ne, amma da sauran magana, domin ƙwayar gado ba ta zana taswirar kowane lungu na ƙashi ba. Tun a 1638 Galileo ya lura cewa idan dabba ta ninka tsawonta da faɗinta da kaurinta, nauyinta zai ninku sau 8, amma faɗin bakin ƙashin da zai ɗauki wannan nauyi sau 4 kawai zai ninku, shi ya sa ƙafar giwa ba za ta taɓa zama siririya irin ta barewa ba. A shekarun 1860, a birnin Zurik na Switzalan, wani masanin sassan jiki mai suna Hermann von Meyer da wani injiniya mai suna Karl Culmann suka gano cewa siraran layukan da ke cikin kan ƙashin cinya suna bin hanyoyin da lissafin injiniya ya ce nauyi zai bi a cikin ƙarfen ɗaga kaya mai irin wannan lanƙwasa. A kan wannan ne likitan tiyata na Jamus, Julius Wolff, ya gina ƙa'idarsa a 1892, cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Muhimmin abin lura a wannan tarihi shi ne, masanin sassan jikin, wato von Meyer, bai gane abin da ke gabansa sosai ba sai da injiniyan ya leƙa.

Bari in fara da shinkafa, tunda ita ce abin alfaharin jiharmu, kuma a nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. Kowane manomi a fadamun Argungu da Suru da Jega da Yawuri ya san baƙin cikin zuwa gona da safe, bayan an yi ruwa da iska cikin dare, ya tarar shinkafar da ta kusa nuna ta kwanta a ƙasa. Wadda ta kwanta a ruwa takan ruɓe ko ta tsira, wadda ta kuɓuta kuma yankanta ya zama wahala, kuma injin girbi ba ya ɗaukarta yadda ya kamata. Wannan asara tana da lissafi, kuma lissafin tsoho ne. Masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna tun a 1744 cewa nauyin da siririn ginshiƙi zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe yana raguwa sau 4 idan aka ninka tsawonsa. A ɗaya ɓangaren, taurin kara wajen ƙin lanƙwasa yana bin kaurinsa ne ninki huɗu a jere, ta yadda idan kara ya ƙara kauri da kashi 10 cikin 100 kawai, taurinsa zai ƙaru da kusan kashi 46. Idan aka haɗa waɗannan biyu, za a fahimci dalilin da ya sa manomin da ya cika wa gonarsa takin yuriya, ya kuma shuka a cunkushe, yakan ga shinkafa ta yi kore shar ta yi tsawo har maƙwabta suna yabawa, sannan iska ɗaya ta kwantar da ita: gaɓoɓin ƙasa sun yi tsawo sun sirance, kan kuma ya yi nauyi da ƙwaya.

Wannan fahimta ce ta haifar da abin da aka kira juyin juya halin noma a Asiya. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta haɗa wani dogon iri na Indunusiya da wani gajere na Taiwan, ta fitar da IR8 a 1966, iri mai gajeren kara wanda zai sha taki ya ɗauki kai mai nauyi ba tare da ya faɗi ba. Sai dai bai kamata mu ɗauki darasin nan ido rufe ba, domin gajarta ba alheri ba ce a ko'ina. A kwarin Rima da bakin Neja akwai gonakin da ruwa ke hawa da zurfi, kuma irin gargajiya mai miƙa kara yana bin ruwa shi ne ke rayuwa a can, wanda kuwa ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wane tsawo da wane kauri da wace tazarar shuka da wane gwargwadon taki suka dace da kowace fadama, idan aka yi la'akari da zurfin ruwanta da laushin ƙasarta da ƙarfin iskar ƙarshen damina. Gwada duk waɗannan a gona zai ci shekaru masu yawa, domin damina sau ɗaya take zuwa a shekara, amma kwamfuta za ta iya gwada ɗaruruwan haɗe-haɗe cikin kwanaki, ta ware 'yan kaɗan da suka cancanci a kai su gona. Babu wani mai bincike a Japan ko Amurka da zai zauna ya yi wa irin shinkafar nan FARO 44 wannan lissafi a ƙasar Suru, sai dai mu.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan ban sha'awa, wato shuka tana jin iskar da ke kaɗa ta, kuma tana mayar da martani. Masanin tsirrai Mordecai Jaffe ya bayyana a 1973 cewa shukar da ake taɓawa ko ake kaɗawa kullum takan rage tsawo ta ƙara kauri, kuma manoman Japan sun daɗe suna tattaka alkama tun tana ƙarama domin ta yi ƙwari. Saboda haka ƙarfin da ke kayar da kara shi ne kuma ke koya masa tsayuwa, kuma duk lissafin da bai saka wannan ba ya bar rabin zancen.

Na biyu shi ne jini, kuma a nan maganar ta fi zafi, domin kusan babu zuriyar da ba ta san ciwon sikila ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, inda ake ƙiyasta kimanin 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da gadonsa. Asalin ciwon canji ne ƙwaya ɗaya tak a furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1956, amma abin da ke sa yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi al'amari ne na tauri da matsi. Faɗin jar ƙwayar jini kimanin kashi 8 ne cikin 1,000 na milimita, kuma dole ta lanƙwashe ta matse kafin ta wuce ta siraran jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, ta kuma ratsa 'yan tsagogin saifa da suka fi waɗannan ƙunci. Lafiyayyar ƙwaya tana yin haka kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa, da zarar ta sauke oksijin, furotin ɗin cikinta sai ya harhaɗu ya zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar ta sandare ta kuma riƙa mannewa a jikin jijiya, kuma rayuwarta ba ta cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba.

A nan ne nazarin lissafi ya yi aikin da ido ba zai iya ba. A 1974, William Eaton da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa zaruruwan nan ba sa harhaɗuwa nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma tsawon wannan jinkiri yana canjawa ƙwarai da gaske idan kaurin furotin ɗin a cikin ƙwaya ya canja ko da ɗan kaɗan ne. Ma'anar wannan ita ce, ƙwayar tana tsere ne da lokaci: idan ta fita daga siririyar jijiya kafin ta sandare, ta kuɓuta a wannan zagaye, idan kuwa ta makara, hanya ta toshe. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa likitoci ke nanata wa iyaye maganar shan ruwa, ya kuma bayyana wani ɓangare na amfanin maganin haidiroksiyuriya, wanda ke ƙara yawan furotin irin na jarirai da ba ya shiga cikin zaruruwan. Sai kuma ƙa'idar likitan Faransa Jean Poiseuille ta shekarun 1840, wadda ta ce yawan ruwan da ke gudana a bututu yana bin faɗinsa ninki huɗu a jere, irin dai lissafin da muka gani a karan shinkafa. Idan jijiya ta tsuke da kashi 10 cikin 100, kusan sulusin gudun jini ya tafi, idan kuma ta koma rabi, kashi ɗaya cikin 16 ne zai rage. Sanyi yana tsuke jijiyoyin fata, kuma duk uwar da ke rainon mai sikila ta san fargabar da hunturu ke zuwa da ita.

Jini a cikin siraran jijiyoyi ba ya gudana kamar ruwa zalla, shi ya sa masana irin su George Karniadakis na Jami'ar Brown suka koma kwaikwayon kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, suna ba wasu laushi wasu tauri, suna ƙara musu manni ko su rage, domin su ga wanne ne ke fara toshe hanya. Shi kuma Subra Suresh da abokan aikinsa sun ja ƙwayoyin jini da hasken leza, suka nuna cewa wadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta shiga tana iya ninka taurinta har kusan sau 10. Cututtukan nan biyu namu ne, a gidajenmu suke, amma mafi yawan lissafinsu a wajen nahiyarmu ake yin sa.

Na uku shi ne ɗori. Garin Aliero ya yi suna a kan wannan sana'a har a wajen Nijeriya, kuma duk mai adalci ya san cewa maɗora a ƙasar Hausa suna karɓar ɗimbin masu karaya waɗanda ba su da halin zuwa asibiti ko ba su yarda da shi ba, musamman a wannan zamani na haɗarin babur. Ra'ayina shi ne, tsayawa ana jayayya a kan wanda ya fi wani tsakanin maɗori da likita ɓata lokaci ne, domin ƙashin da ya karye ba ya tambayar wanda ya ɗaure shi, yanayin motsi da matsi kawai yake bi. Stephan Perren, wani likita mai bincike a Switzalan, ya nuna cewa sabon ƙashi ba ya tsirowa a wurin da ke miƙewa fiye da kimanin kashi 2 cikin 100, guringuntsi yana jure har kusan kashi 10, kuma jiki yana bi ne mataki-mataki, yana fara cike gurbin da abu mai laushi har motsin ya ragu, sannan ƙashi ya biyo baya. Ɗan motsi kaɗan yana zaburar da warkewa, motsi mai yawa kuma yana hana haɗuwa. Ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke kumbura kuwa yana toshe jini, wanda shi ne ke kai wa ga ruɓewa da yanke hannun yaron da karayarsa ba ta kai ta kawo ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake aunawa. Ana iya auna matsin da karare da ƙyalle ke yi a kan fata, ana iya lissafa motsin da suke bari a bakin karaya, a kwatanta da na simintin asibiti, sannan a zauna da maɗora cikin mutunci a nuna musu inda hannunsu ya dace da inda haɗari yake. Na fi sa ran wannan zai ceci gaɓoɓi fiye da wa'azin da ake yi musu daga nesa.

Shaidar cewa ƙashi yana sauraron nauyi tana da yawa. 'Yan sama jannati suna rasa kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu da ƙafa a kowane wata da suka yi babu nauyi a kansu, kuma likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya riƙa ƙara wa ƙafa tsawo ta hanyar yanka ƙashi ya ja shi milimita ɗaya a kowace rana, sabon ƙashi yana cike gurbin.

Sauran fannin zan taƙaita shi. A 2006 Dennis Discher da ɗalibansa a Jami'ar Pensilbaniya sun nuna cewa ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zaɓi aikinsu ba, sukan karkata zuwa zama na ƙwaƙwalwa idan aka ɗora su a kan abu mai laushi, zuwa na tsoka a kan matsakaici, zuwa na ƙashi a kan mai tauri. A 2011 masu bincike a Harvard, cikinsu har da masanin lissafi Mahadevan, sun nuna cewa naɗe-naɗen hanjin ɗan tsako suna fitowa ne saboda hanjin yana girma da sauri fiye da tantanin da ke riƙe da shi, har suka maimaita siffar da bututun roba da aka ɗinka a jikin shimfiɗar roba. A 2010 Ardem Patapoutian ya gano 'yan ƙofofin da ke jikin ƙwayar halitta waɗanda matsi ke buɗewa, aka sa musu suna Piezo, kuma wannan ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Ɗaya daga cikin ƙofofin nan tana jikin jajayen ƙwayoyin jini, tana da hannu wajen daidaita ruwan cikinsu, abin da ya mayar da mu kan sikila. Ga mai imani, babu abin da wannan ke ƙarawa sai ganin yadda Allah ya tsara halitta a kan ma'auni.

Yanzu ga yadda kwaikwayon kwamfuta yake aiki, domin kada mai karatu ya ɗauka wani siddabaru ne. Ana zana siffar abin, ƙashi ne ko kara, a yanka shi gunduwa-gunduwa har dubbai a cikin lissafi, a gaya wa kwamfuta taurin kowace gunduwa da nauyin da aka ɗora, ita kuma ta warware dokokin Newton ta nuna inda matsi ya taru da inda abin zai fara tsagewa. Injiniyoyin jiragen sama da gadoji ne suka ƙirƙiro dabarar, kuma an fara amfani da ita a kan ƙashi a 1972. A yau akwai manhajoji na kyauta irin su FEBio da OpenFOAM, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi ta isa a yi aikin kara ɗaya ko ƙashi ɗaya.

Amma dole in yi gargaɗi, domin na san halinmu da son abin da ya fito da launuka masu kyau. Kwamfuta ba ta san shinkafar Kebbi ba sai abin da aka gaya mata, kuma ɗalibin da ya kwafo taurin kara daga binciken wata ƙasa ya zuba, zai sami hoto mai ɗaukar ido wanda ba shi da alaƙa da gonar mahaifinsa. Abu mai rai kuma ya fi ƙarfe wuyar lissafi, domin taurinsa yana canjawa da ruwan da ya sha da shekarunsa, kuma kara biyu daga gindi ɗaya ba sa zama daidai. Saboda haka kowane lissafi sai an gwada shi da awo, idan suka saɓa kuma awon ne ke da gaskiya. Abin farin ciki shi ne awon farko ba shi da tsada: a ɗora gaɓar kara a kan matokarai biyu, a rataya nauyi a tsakiya ana ƙarawa, a rubuta yadda take lanƙwasa har ta karye. Ɗaliban sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru za su iya ƙera wannan ma'auni da hannunsu.

Babban cikas ɗin ba na kuɗi ba ne, na tsari ne. Tun daga sakandare yaro yake koyon cewa wanda ke tsoron lissafi ya fake a bayoloji, wanda kuma ya ƙosa da hadda ya gudu zuwa fiziks ko injiniya, daga nan kowa ya kama gabansa har ya gama digiri. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga shugabannin jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, da 'yar'uwarta ta Gusau, da su buɗe darasi ɗaya na haɗin gwiwa a shekara ta uku, wanda malamin lissafi ko fiziks zai koyar tare da malamin bayoloji ko noma ko likitanci, su kuma yarda ɗalibin shekarar ƙarshe ya sami masu duba aikinsa biyu daga sassa daban-daban ba tare da an tsaya gardamar sashen da zai karɓi yabo ba. Ɗaki guda mai 'yan kwamfutoci da wutar sola da intanet mai aiki bai fi ƙarfin tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba. Aikin da ya shafi jinin marasa lafiya ko masu karaya zai buƙaci izinin kwamitin ɗa'a na asibiti da yardar mutanen, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci, kuma daidai ne ya ɗauka. Na shinkafa ba ya buƙatar komai sai amincewar mai gona, don haka da shi nake ganin ya kamata a fara: a noman rani mai zuwa a tura ɗalibai fadamun Argungu da Suru su yanko karare daga gonakin da aka bambanta yawan taki da tazarar shuka, su auna tsawo da kauri da nauyin kai da ƙarfin gaɓar ƙasa, a adana alƙaluman a inda kowane mai bincike zai iya samu, a kuma aika kwafi ga cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da ma'aikatar gona ta jiha.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin fiziks,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.